Daga Ƙwai Zuwa Ɗan Tsako: Yadda Jiki Yake Samun Tsarinsa

Idan damina ta kankama a ƙasar Itas, zabi sukan fara ƙwai. Matan gida sun san halin zabuwa, ba ta da haƙurin kwanci da reno kamar kaza. Saboda haka sukan ɗebo ƙwan zabi su sa wa kazar da ta fara kwanci. Kaza ɗaya ce, akurki ɗaya ne, ɗumin jikinta ma ɗaya ne. Duk da haka ƙwan kaza yakan ƙyanƙyashe bayan kwana 21, na zabuwa kuwa sai ya kai kwana 26 zuwa 28. Kuma ba a taɓa jin ƙwan zabuwa ya fitar da ɗan tsakon kaza ba, wai don kaza ce ta kwanta a kansa.

Wanda ya fasa ɗanyen ƙwai ba zai ga baki ko gashi ko ƙafa a ciki ba. Gwaiduwa zai gani da farin ruwa, sai wani ɗan ɗigo fari a saman gwaiduwar. Daga wannan ɗigo ne ɗan tsako yake fitowa. Kafin a cika kwana uku da fara kwanci, zuciyarsa ta soma bugawa. To, yaya aka yi kai ya fito a gaba, wutsiya a baya, fukafukai biyu da ƙafafu biyu kowanne a gurbinsa? Masana sun daɗe suna neman amsar wannan tambaya. A wannan darasi za mu ga abin da suka gano.

Littafi ɗaya, karatu daban-daban

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka aka gina jikin kowane mai rai da wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya iya gani sai da na'ura. Su ake kira ƙwayoyin jiki. Mutum da akuya da kaza da fara, kowannensu daga ƙwayar jiki ɗaya tak ya fara. Ɗayar ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, huɗun suka zama takwas, haka har jiki ya cika.

A cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai wani dogon zare siriri da ake kira DNA. An naɗe shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ana ce masa kuromosom. Mutum yana da kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. A jikin zaren nan aka rubuta umarnin gina jiki, da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Kowane yanki na zaren da yake ɗauke da umarni guda shi ne ƙwayar gado. Mutum yana da wajen 20,000 masu ba da umarnin yin furotin. Ta wannan hanya ɗa yake ɗauko kamannin iyayensa. Da ma Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Furotin ba abincin da ke cikin wake da nama da ƙwai kaɗai ba ne. A cikin jiki, furotin su ne ma'aikata. Wani yana narkar da abinci, wani yana ɗaukar iska a cikin jini, wani kuma da shi ake yin gashi da farce.

A nan ne tambaya take. Ƙwayar da ke cikin ido da wadda ke cikin hanta duk DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi. Me ya sa ido bai zama hanta ba? Amsar ita ce, ba duk umarnin ake karantawa a ko'ina ba. Mu ɗauka an raba wa ɗalibai littafi iri ɗaya, amma malami ya ce wa wannan ya buɗe shafi na goma, wancan kuma shafi na hamsin. Littafin ɗaya ne, karatun ya bambanta.

Furotin masu jagora

Wane ne malamin da yake faɗin shafin da za a buɗe? Wasu furotin ne na musamman. Aikinsu shi ne su je su manne a wani gurbi a jikin DNA, kusa da ƙwayar gado. Idan sun manne, ko dai su kunna ta ta fara aiki, ko su kashe ta ta yi shiru, kamar makunnin fitila. Za mu kira su furotin masu jagora.

Masana biyu na ƙasar Faransa, François Jacob da Jacques Monod, su ne suka fara bayyana wannan tsari a shekarar 1961, a Cibiyar Pasteur da ke Paris. Sun yi bincikensu ne a kan wata ƙwayar bakteriya. Sun nuna cewa tana da furotin da yake rufe wasu ƙwayoyin gado, ba ya sakinsu sai an sami sukarin madara da za a narkar. An ba su kyautar Nobel a 1965.

Abin lura shi ne, furotin mai jagora shi ma wata ƙwayar gado ce take yin sa. Don haka mai jagora ɗaya yana iya kunna wasu masu jagora, su kuma su kunna wasu. Tsarin ya yi kama da na sarauta: sarki ya umarci hakimi, hakimi ya umarci dagaci, dagaci ya umarci mai unguwa, har saƙo ya isa kowane gida. Idan umarnin ya karkace tun daga sama, duk na ƙasa sai su bi shi a karkace.

Darasi daga ƙaramin ƙuda

Binciken ƙwari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katagum. A shekarun 1930 akwai cibiyar binciken ƙudan tsando a Gadau, inda wani masani ɗan Ingila mai suna T. A. M. Nash ya yi shekaru yana nazarin wannan ƙuda mai kawo wa mutane ciwon barci, dabbobi kuma sammore. Amma ƙudan da ya koya wa duniya sirrin ginin jiki wani ne dabam. Shi ne ɗan mitsitsin nan da yake taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko tumatir. Masana suna kiransa Durosofila. Sun zaɓe shi domin ba shi da tsadar kiwo, kuma cikin kwana goma ƙwansa ya zama babban ƙuda.

Thomas Hunt Morgan ya yi suna da binciken wannan ƙuda a Jami'ar Columbia da ke New York, a Amurka, tun daga 1910. A 1915 ɗalibinsa, Calvin Bridges, ya gamu da wani ƙuda mai ban mamaki. Ƙudan zuma da fara suna da fukafukai huɗu, amma ƙuda biyu gare shi. A bayan fukafukansa akwai wasu 'yan sanduna biyu masu kai kamar kulki, waɗanda suke daidaita masa tashi. A jikin ƙudan da Bridges ya gani, wani ɓangare na 'yan sandunan nan ya rikiɗe ya zama fiffike. Daga baya aka sami wani ƙudan wanda ƙafafu suka tsiro masa a ka, a gurbin 'yan ƙahonin da yake shinshina da su.

A lura da kyau. Ƙafar da ta fito a ka ƙafa ce sosai, ba ta lalace ba, wuri kawai ta ɓata. Ke nan ƙwayoyin jikin da ke kan ƙudan sun san yadda ake gina ƙafa, umarni ne bai zo musu daidai ba.

Edward Lewis na Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya ya shafe shekaru fiye da talatin yana bin diddigin irin waɗannan ƙudaje, har ya samar da ƙuda mai cikakkun fukafukai huɗu. A 1978 ya wallafa sakamakon aikinsa. Jikin ƙwaro gaɓa-gaɓa ne kamar karan dawa. Lewis ya nuna cewa akwai wasu ƙwayoyin gado da suke gaya wa kowace gaɓa abin da za ta zama. Ya kuma gano cewa jerinsu a kan kuromosom ya yi daidai da jerin gaɓoɓin da suke kula da su: ta farko tana kula da gaba, ta ƙarshe tana kula da baya. A yau ana kiran irinsu ƙwayoyin gado na Hox, kuma ƙuda yana da guda takwas.

Ina gaba, ina baya?

Kafin a gaya wa gaɓa abin da za ta zama, dole a fara sanin ina ne gaba, ina ne baya. Christiane Nüsslein-Volhard, 'yar ƙasar Jamus, da Eric Wieschaus, ɗan Amurka, sun duƙufa a kan wannan a birnin Heidelberg. Sun duba dubban tsutsotsin ƙuda ɗaya bayan ɗaya. A 1980 suka bayyana ƙwayoyin gado 15 masu raba jikin tayi gaɓa-gaɓa. Sun sa musu sunaye bisa siffar tsutsar da ta rasa su. Akwai wadda sunanta yake nufin gurgu, akwai mai nufin ƙusumbi, akwai kuma mai nufin bushiya.

A 1988 aka ƙara fahimtar mafarin al'amarin. Tun kafin uwar ƙuda ta saki ƙwai, takan ajiye wani saƙo a gefe ɗaya na ƙwan. Daga saƙon ake yin wani furotin mai jagora da ake kira Bikoyid. Shi kuma sai ya bazu cikin ƙwan, kamar yadda ƙamshin turaren wuta yake bazuwa a ɗaki: yana da ƙarfi kusa da kasko, yana raguwa idan an yi nisa. Inda Bikoyid ya yi yawa, nan kai yake fitowa. Inda ya ragu, ƙirji. Inda babu shi, ciki da ƙarshen jiki. Ƙwan da ya rasa shi gaba ɗaya ba ya yin kai, sai a ga siffar baya a duka gefunan biyu.

Daga nan aiki yake bin mataki-mataki. Masu jagora na farko su raba tayi zuwa manyan yankuna. Na biyu su zana masa layi bakwai. Na uku su mai da layukan sha huɗu. A ƙarshe na Hox su ba kowace gaɓa aikinta. Cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe. Saboda wannan aiki, Lewis da Nüsslein-Volhard da Wieschaus suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1995.

Ƙuda da ɓera da mutum

Wani zai ce, ina ruwanmu da ƙuda? A tsakanin 1983 da 1984, masana a ɗakin binciken Walter Gehring da ke Basel a Suwizalan, da wasu a Jami'ar Indiana ta Amurka, suka gano cewa duk ƙwayoyin gado na Hox suna da wani yanki iri ɗaya mai haruffa 180. Wannan yanki yana samar da ɓangaren furotin da yake kama DNA, kamar hannu. Da aka duba sauran dabbobi, sai ga shi a jikin kwaɗo da kaza da ɓera da mutum. Mutum yana da ƙwayoyin gado na Hox guda 39, a rukuni huɗu, a kan kuromosom na 2 da na 7 da na 12 da na 17. A nan ma jerinsu yana bin jerin jiki, daga sama zuwa ƙasa.

Ga misali da kowa zai iya gani a mahauta. Akuya da saniya da raƙumi suna da ƙasusuwan wuya bakwai-bakwai. Haka mutum, haka ma raƙumin dawa duk da tsawon wuyansa, sai dai nasa ƙasusuwan dogaye ne. Kaza kuwa 14 gare ta. An gano cewa wata ƙwayar gado ta Hox, wadda ake kira Hoxc6, tana fara aiki daidai inda wuya ya ƙare haƙarƙari ya fara, a jikin ɓera da na kaza baki ɗaya. A ɓera iyakar tana zuwa bayan ƙashi na bakwai, a kaza bayan na sha huɗu. Mai jagoran ɗaya ne, wurin da ya tsaya ne ya bambanta.

A 1995 Gehring da abokan aikinsa suka yi wani gwaji. Suka ɗauko ƙwayar gado mai suna Pax6, wadda take jagorantar ginin ido a jikin ɓera, suka kunna ta a wasu sassan jikin ƙuda. Sai ido ya tsiro a inda bai kamata ba. Ba idon ɓera ba ne, idon ƙuda ne. Umarnin ɓera kawai ya ce a gina ido, ma'aikatan ƙuda kuma suka gina irin wanda suka iya.

Idan tsari ya sami tangarɗa

A ƙasar Hausa, idan an haifi yaro da yatsa na shida, akan ce yana da cindo, har wasu a yi musu laƙabi da Cindo. Yawanci abin gado ne, yana bin dangi, kuma ba ya hana lafiya. Masana sun san wasu daga cikin masu jagoran da suke ƙayyade yawan yatsu. Misali, a 1996 an gano cewa canji a ƙwayar gado ta HOXD13 yana sa a haifi yaro da yatsu a manne, wani lokaci da ƙari. Sanin wannan yana da amfani, domin a wasu gidaje akan ɗora wa uwa laifi, ko a zargi maita, alhali ba wanda ya yi komai.

Amma akwai tangarɗar da ake iya kauce wa. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus da wasu ƙasashe, mata masu ciki suna sha don maganin laulayi. Aka haifi yara fiye da 10,000 da nakasa, da yawansu hannuwa ko ƙafafu ba su cika ba. Sai a 2018 aka nuna cewa maganin yana lalata wani furotin mai jagora, SALL4, wanda ake bukata wajen ginin gaɓoɓi.

Manyan sassan jikin ɗan Adam suna samun tsarinsu ne tsakanin mako na uku da na takwas, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Shi ya sa likitoci suke gargaɗin kada mai ciki, ko mai sa ran ciki, ta sha magani ba tare da shawarar ma'aikacin lafiya ba, na kemis ne ko na gargajiya. Shi ya sa kuma ake son a fara awon ciki da wuri, a sha ƙwayar folik asid, wadda take taimaka wa lakar baya da ƙwaƙwalwar tayi su haɗu daidai a watan farko.

Makunni da ciwon sikila

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, wato amosanin jini. Iyaye da yawa sun lura cewa jaririn da yake da ita yakan yi watannin farko lafiya lau, sai ya kai wajen wata biyar ko shida ciwon yake bayyana. Dalili shi ne, tayi yana da nasa irin himogulobin, wato furotin mai ɗaukar iska a cikin jini, kuma sikila ba ta shafar irin na tayi. Bayan haihuwa jiki yakan daina yin sa a hankali, ya koma yin na manya, wanda shi ne yake da matsalar.

A 2008 masana a birnin Boston suka nuna cewa wani furotin mai jagora, BCL11A, shi ne yake kashe himogulobin na tayi. Sai aka yi tunani: idan aka hana shi aiki a cikin ƙwayoyin da suke yin jini, jiki zai koma yin irin na tayi. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy da aka gina a kan wannan tunani. Sai dai kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya, abin da ya fi ƙarfin kusan duk masu bukatarsa a Afirka. Don haka gwajin jini kafin aure yana nan da muhimmancinsa.

Aikin da ya rage yana da yawa, kuma ba sai an je Turai za a fara shi ba. A Gadau akwai jami'ar Jihar Bauchi, a Azare kuma an kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a 2021. Ɗalibin da yake son wannan fanni yana iya farawa tun yanzu da abin da ke gida: kaza mai kwanci, da tocila, da littafin rubuta abin da ya gani.

Ma'anar wasu kalmomi

Akurki: ɗakin kaji.
Kwanci: zaman kaza a kan ƙwai har ya ƙyanƙyashe.
Gwaiduwa: ɓangaren ƙwai mai launin rawaya.
Tayi: ɗa tun yana cikin ciki ko cikin ƙwai.
Gurbi: wurin da aka tanada domin wani abu.
Tangarɗa: matsalar da take hana abu tafiya daidai.
Laulayi: rashin jin daɗin jiki da mai sabon ciki take yi.

Tambayoyi

1. Kwana nawa ƙwan kaza yake yi kafin ya ƙyanƙyashe? Na zabuwa fa?
2. Mene ne bambancin ƙwayar jiki da ƙwayar gado?
3. Bayyana aikin furotin masu jagora da kalmominka.
4. Yaya ƙwan ƙuda yake sanin inda kai zai fito?
5. Me ya sa sikila ba ta cika bayyana a watannin farko na jariri ba?
6. Yi amfani da karin maganar nan a cikin jimla: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Aiki

Da izinin masu kaza, a ɗauki ƙwan da ya yi kwana bakwai a kwanci, a haska shi da tocila a ɗaki mai duhu, sannan a mayar da shi nan da nan kafin ya huce. A rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da aka gani.